Ƙarshen Aljanar Rijiya

Yaya Mamman, gaisuwa mai yawa. Ina lafiya, ina iyali, ina zaman Kano? Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san inda karatuna ya tsaya.

Na ba 'yata Hajo labarinka na aljanar rijiya, da rana tsaka, duk da manya sun hana tatsuniya da rana. Aljanar ta ba da tsoro, jarumin sakarai ne irina, amma ƙarshen ya ɓace mini. Na ƙaga nawa, ta ce, "Baba, ƙarya ne, tana nan ciki." Yanzu ta ƙi ruwan rijiyar Gangara, ga zazzaɓi, leɓɓanta sun bushe.

Don Allah ka aiko da ƙarshen ta ayarin farko. In aljanar ba ta mutu ba, ka kashe ta. A sa Hajo a addu'a. Ka gai da Inna.

Ƙaninka, Idi.