Na Ɗauki Hoton Littattafan Kakana A Ɓoye, Kuma Ban Yi Nadama Ba

Assalamu alaikum, masu wannan shafi da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma mai niyyar zagina ya daure ya kai ƙarshe tukuna.

Ni 'yar wani ƙauye ce a gefen Zakirai, na yi difloma a fannin adana takardu. Shekarun nan ina zaune a gida, ina ɓarar gyaɗa kamar ban taɓa shiga aji ba. Kwanaki wata majalisar dokoki ta nemi masu mayar da tsofaffin takardunta cikin kwamfuta. Takardar makaranta kaɗai ba ta isa ba. Sai wanda ya iya ɗaukar hoton takarda tsaf, ya sa mata suna da bayanin da za a nemo ta da shi, ya ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya, kuma ya zo da aikin da ya taɓa yi da hannunsa. To ni wa ya taɓa ba ni aikin, balle in nuna?

A gidanmu akwai ɗakin Malam, kakana marigayi, cike da littattafan da ya rubuta da hannunsa, warwara ne ba ɗinki, kowanne a cikin gafakarsa ta fata. Baffa, yayan mahaifina, shi ke riƙe da makulli. Sunan mahaifiyarsa aka saka mini, don haka Uwata yake kirana, kuma duk gidan ni kaɗai yake yarda in shiga in share. Na ce masa, “Baffa, rufin nan ya fara yoyo, ka bari in ɗauki hotonsu.” Ya ce, “Uwata, wayar da ake shiga banɗaki da ita, ake jin kiɗa da ita, ita za ki zuba wa rubutun Malam? Ba da raina ba.” Ya ƙara musu ganyen darbejiya saboda gara, magana ta ƙare.

Ni kuwa ban ƙare ba. Duk Juma'a in ya tafi masallaci ya bar mini makulli, sai in yi alwala, in shimfiɗa farin zani, in ɗauki hoton ganye bayan ganye, in mayar da kowanne mazauninsa. Har na gama. Eh, na ci amanarsa, kuma ina jin kunyar hakan duk sanda ya sa mini albarka kan shara. Amma in zuba ido ruwa ya cinye aikin kakana saboda wani ya tsani waya? Jikarsa ce ni, ba baƙuwa ba.

Wannan aikin na kai intabiyu. Shugabar sashen, wata Hajiya mai gilashi, ta daɗe tana dubawa, ta ce ya yi kyau ƙwarai. Sai ta ɗago ta ce, “Wa ya ba ki izini?” Bakina ya riga ni, na ce Baffana. Ta ce, “Madalla. Ɗaukar hoto muna koya wa kowa. Wanda zai taɓa takarda ba da izinin mai ita ba ne ba ma ɗauka. Kawo lambarsa, zan kira shi mako mai zuwa.” Na ba ta.

Ina dawowa aka yi ruwan nan mai iska, rufin ɗakin ya rufta ta gefen gabas. Littattafan suka jiƙe sharkaf, ganyayyaki suka manne, tawada ta narke ta zama baƙin ruwa. Na tarar da Baffa a tsakar gida yana shanya su a kan tabarma, dattijo da furfura yana share hawaye da hannun riga. Na durƙusa kusa da shi, duk abin da yake yi wa kuka yana nan cikin wayar da ke ƙuguna, ba harafin da ya ɓace. Na buɗe baki zan faɗa, sai ya riga ni. Ya ce, “Uwata, na kasa riƙe su. Amma abu ɗaya ke sanyaya mini rai, sun tafi da tsarkinsu yadda Malam ya bar su. Da na biye miki, da me zan ce masa gobe kiyama?”

Wallahi ban yi nadamar ɗauka ba, ko yau aka mayar da ni baya sai na sake. Masu cewa da na bi maganar babba, da yanzu ina littattafan suke? Amma Hajiya za ta kira shi, Baffa kuma ba ya ƙarya ko don ni. In na yi shiru, a bakin baƙuwa zai ji, aikin kuma ya tafi. In na nuna masa, na dawo masa da rubutun mahaifinsa, na kuma ƙwace abu ɗayan da ya rage yana jingina da shi. Jiya ma ya miƙo mini makullin, ya ce in riƙe gaba ɗaya, ni ce mai amana a gidan.

Jama'a, me zan yi?