Shafin da Baba Hamani bai nuna mini ba

Alhamis da dare, Bukoki

Yau wuni na yi a gaban ordinatar, wato kwamfuta, tun safe har la'asar ban ɗaga kai ba. Shef, shugabanmu a wurin aiki, ya bi ta bayana ya ce, "Yauwa Ramatu, yau kam kin yi aiki." Saura kaɗan in yi kuka.

Shekara uku ina rubuta littattafan koyar da gyaran famfon sola, amma shi in bai ji yatsu suna bugawa ba, ba a yi aiki ba. Bugawar nan ko awa biyu ba ta ci a rana. Sauran lokacin ina tsugune kusa da Baba Hamani, tsohon makanikenmu, ina kallon hannunsa ina tambaya.

Makon jiya ya ce mini, "Ɗiyata, ki zo Lamorde in nuna miki yadda ake jin ciwon inji da kunne." Yakan ɗora bakin turnabis, abin kwance sukuru, a jikin ƙarfen injin, ya kanga ƙotar a kunnensa, ya lumshe ido. Shef ya hana ni fita, wai yawona ya yi yawa. Na zauna. Na ce wa Baba sai Litinin.

Ran Lahadi aka yi jana'izarsa. Allah ya jiƙansa.

Littafin ya kammala, ban da shafi ɗaya. Ɗazu na ɗauki turnabis na je wurin injin da ke bayan biro, wato ofishinmu, na yi yadda yake yi, har da lumshe ido. Ƙara kawai na ji. Kuma babu wanda zan tambaya.