Kusurwar da Ta Gagari Baba

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa ta ladabi da fatan Allah Ya haskaka makwancinka, 'yarka Falmata ce, kuma albishir na kawo maka.

Ka tuna ɗan kwalin wasan nan mai fuska shida, kowace da launinta, da ka sayo a kasuwar Haɗejiya? Kullum bayan La'asar kana ƙofar gida kana murɗa shi. Komai sai ya hau, sai kusurwa ɗaya tak ta karkace. Amininka Malam Bukar ya yi ta tsokanarka, har ta zama magana a gidanmu: abin da ba zai yiwu ba, sai a ce "sai ran da Baba ya haɗa kwalinsa." Kana dariya, amma na sha jin ka a hankali kana cewa, "Kan ne ya tsufa." Wannan kalmar ta daɗe tana ci mini rai.

To Baba, yanzu a jami'a ina nazarin lissafin rukuni, wato ilimin abubuwan da ake jujjuyawa da inda juyin zai iya kai su. Muna da manhaja a kwamfuta da ke wannan aikin. Na shigar mata da juyin fuskokin shida, na kwatanta mata kwalinka, na tambaye ta ko murɗawa za ta daidaita shi. Kafin in gyara zama ta ce a'a. Ko duk mutanen Jigawa za su taru, ba zai haɗu ba, don alama ce an taɓa cire kusurwar aka mayar da ita a karkace.

Da na gaya wa Inna, sai ta rufe baki da mayafi tana dariya har da hawaye. Ashe shekarar da kogi ya shigo mana gida, wajen kwashe kaya kwalin ya faɗi ya tarwatse, ita ta tsince shi ta harhaɗa ba ta gaya wa kowa ba.

Na ciro kusurwar na mayar daidai, na sake hargitsa kwalin, na bi hanyar da na gani a hannunka. Da ya rage juyin ƙarshe, sai na kai wa Malam Bukar. Ya murɗa, launuka suka hau, sai ya ce, "Ashe mutumin nan ya gama tun tuni."

Kanka lafiya lau yake, Baba. Daɗi ya cika ni, kewarka ma haka.

Allah Ya jiƙan ka, Ya sa Aljanna ce makomarka, amin.

Taka har kullum,
Falmata