Fitilar Yaya Habu da Zabin Mushe Filip

Matameye, ranar Laraba da hantsi

Zuwa ga Yaya Habu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya haskaka makwancinka. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Amma da na zauna na yi tunani, sai na ga ko da kake raye ba ka taɓa karanta takarda ba. Ni nake karanta maka, kana kishingiɗe kana gyara wa mai rubutun maganarsa. Wannan shi ne rubutu na huɗu. Na yage ukun farko: ɗaya ya yi tsawo, ɗaya ya yi kama da takardar neman aiki, na ukun kuma bai dai kwanta mini ba.

Matarka Hadiza da yara suna lafiya. Damina ta yi kyau. Rijiyar da ka haƙa wa mutanen Icirnawa ba ta ƙafe ba, har yanzu in sun shigo kasuwa sukan biyo su yi maka addu'a. Shagona yana nan, ina buga wa mutane takardunsu a ordinatar, wato kwamfuta, duk lokacin da aka kawo wuta. Tabarmarka tana bayan ƙofa a naɗe. Sau biyu na ɗauke ta, sau biyu na mayar.

Babban labarin shi ne, za su sa fitilar.

Wasanmu na cikin ordinatar nake nufi, na 'yan gemu, gajerun mutanen nan da muke sa su haƙa gari a ƙarƙashin dutse, da ɗakunan kwana da rumbuna da maƙera. Ka tuna ranar da ka fara ganinsa? Ka leƙo ta kafaɗata, ka tambayi wane wawa ne ya gina makwanci a ƙasan ruwa. Na duba kayena, littafin da nake rubuta komai, na wannan shekara: kafin ka sa baki, garuruwa tara ruwa ya cinye mini. Daga nan muka raba aiki. Kai ke ba da umarni, ni ke danna maɓallai da ƙamus na Ingilishi a cinya. Haka muke tun asali. Shekara goma sha biyu na yi ina riƙe maka igiya a bakin rijiya duk hutun lakwal in an rufe makaranta, ban taɓa yarda na sauka ko tsawon gaba guda ba. Ba ka taɓa yi mini gori ba. Ni ne na yi ta yi wa kaina.

Abu uku ke ɓata maka rai a wasan. 'Yan gemu suna gangarawa rami mai zurfi ba tare da an fara zura fitila an ga ko za ta mutu ba, alhali kowane mai haƙar rijiya ya san akwai iskar da ke kashe mutum shiru. Yashi yana tsayawa cak kamar siminti, ba ya zubowa a kan kowa. Sannan ba su da maganar igiya: ja ɗaya a sauko da guga, ja biyu a ɗaga, ja uku a fito da mutum yanzu-yanzu. Da na gaya maka masu wasan, waɗanda suka ƙera shi, suna da zaure a intanet inda ake ba su shawara, ka sa na ɗauko alƙalamin bik, ka yi mini shifta. Kwana goma sha ɗaya na yi ina juya maganarka zuwa Faransanci, daga nan zuwa Ingilishi.

Yaya, ban aika ba.

Na shiga zauren, na ga yadda Nasara ke rubutu, na ga yadda suka yi wa wani dariya, sai hannuna ya ƙi. Na gaya wa kaina mutuncinka nake karewa. Amma a kayen, ƙarƙashin wannan rana, kalma ɗaya na rubuta: tsoro. Ni da nake aika wasiƙun mutanen gari kullum, har da na masu zagin surukansu.

Da ka dame ni da tambaya, sai na ce sun amsa. Nan aka haifi Mushe Filip, wai wani Nasara cikin masu wasan. Ni na raɗa masa suna, ni na rubuta amsoshinsa guda bakwai, ni na karanta maka su ina kallon ƙasa. Sau ɗaya na rasa uzurin da zan kawo, na ce an dakatar da aikin fitila don mahaifiyarsa ba ta da lafiya. Ka sa liman ya yi mata addu'a bayan azahar. Ina sahu na biyu, na shafa tare da kowa.

Sai ka fara aika masa tsaraba. Kilishin farko a bayan shago na cinye shi, kwana uku, ina ci ina istigfari. Damin raken da ka sayo a Dungu ya kusa raba ni da haƙora biyu. Ana nan ka shigo da zabi, mace da namiji, a cikin kwando. Na yi maka bayani cewa gidan waya ba ya karɓar abu mai rai. Ka nuna mini cewa mutumin da ya iya cusa duniya guda cikin akwati ba zai kasa karɓar zabi ba. Na ɗaure kwandon a bayan moto, babur ɗina, suna kuka tun daga ƙofar shago har Kance, na bar su wurin Isufu, abokina na koleji. Yanzu sun haura ashirin. Maƙwabtansa sun kai ƙararsa wurin mai unguwa.

Zazzaɓi ya ɗauke ka cikin kwana biyar, a kan katifa, kai da ka yi shekara talatin ƙasa tana neman rufta maka. Na yi niyyar gaya maka a rana ta uku. Na zauna kusa da kai, na buɗe baki, sai na ji ina tambayarka ko za ka sha kunu.

To, makon jiya masu wasan suka fitar da jerin abubuwan da ke tafe a sabon fitowa. Akwai jiragen ruwa, akwai wani abu na tsafi da ban gane ba. A layi na shida kuma aka ce za a sa gurɓatacciyar iska a ramuka masu zurfi, wuta za ta riƙa mutuwa a cikinta, yashi kuma zai riƙa zubowa in ba a tare shi ba. Igiya ce kawai babu. Sau huɗu na karanta. Yaushe zai fito? Sun ce nan ba da daɗewa ba. Ka san wannan magana a bakinsu tana iya kaiwa damina biyu.

Kuskurena shi ne na yi ihu. 'Yan fadar da ke shan shayi a gefen shago suka taso, na gaya musu. Kafin la'asar unguwa ta ɗauka cewa Nasara sun bi shawarar marigayi Habu. Kafin magariba an ce za a rubuta sunanka a cikin wasan. Wani ma ya rantse an riga an yi mutum-mutuminka. Washegari Hadiza ta zo shago da mayafinta na zuwa biki, ta ce ranar da abin ya fito za ta kawo yara su ga sunan ubansu da idonsu.

Me zan yi? Na raba shafi biyu, gefe ɗaya amfanin faɗa, gefe ɗaya amfanin shiru. Shiru ya samu dalili takwas, faɗa ya samu ɗaya. Akwai ma hanya mai sauƙi: in raɗa wa ɗaya daga cikin 'yan gemu sunanka, in nuna musu, shi ke nan. Amma in na yi haka, yaranka za su girma suna alfahari da ƙaryata, su gaya wa nasu 'ya'yan. Ban da haka, ka san 'yan gemu. Ina cikin nuna musu, yana iya faɗawa rami a gabansu.

Ranar Litinin da safe na je gidanka. Na tarar tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Na tsuguna, na karanta mata laifuffukana daga takarda, lamba ɗaya zuwa lamba goma sha huɗu. Ina kan zabi na ga kafaɗunta suna rawa. Na ɗauka kuka take. Dariya ce, har ta kifar da ƙwaryar.

Ashe ka sani, Yaya? Ta ce tun amsa ta biyu ka gane, don Mushe Filip yana ba da haƙuri sau uku a kowace wasiƙa kamar wani da ka sani, kuma ba ka taɓa jin Nasaran da ke tambayar ko an yi shuka a Dungu ba. Ta ce kuma duk ranar da zan yi ƙarya sai na jera bik ɗina daga dogo zuwa gajere. Zabin nan, ka zaga kasuwa ne kana neman waɗanda suka fi kuka. Sau biyu ka je Kance ka gan su, kai da Isufu kuna riƙe ciki. Ita kanta da mayafin bikinta, ta ce ta ga na yi shekara guda ina fama, ta zo ne ta taimaka mini in fito.

Na tambaye ta me ya hana ka tona ni. Ta daina dariya. Ta ce wai in ka tona, wasiƙun za su tsaya, kai kuwa kana son su. Mushe Filip ne ya rubuta cewa bai san wani aiki da ya fi shiga duhu don mutane su sha ruwa ba. Shi ne ya rubuta cewa ƙaninka ya yi sa'ar wa. Ni ban taɓa iya faɗa maka haka da bakina ba. Duk ƙarya ce, Yaya, ban da waɗannan.

Ta shiga ɗaki ta fito da fitilarka, wadda kake zurawa rijiya, da ƙwanta mai tsagewa. Ta ce ka bar wasiyya a ba ni ranar da na faɗi gaskiya, in kuma ban faɗa ba a ba Isufu ladan wahala. Sannan ta tunatar da ni cewa zabin dukiyar marayu ne, in dawo da su ranar Juma'a. Ban san yadda zan yi da moto ɗaya ba.

'Yan fada na gaya musu da kaina. Sun saurara, sun yi shawara, sun yanke cewa hassada ce ke damuna. Wannan na bar wa Allah.

Jiya na aika wasiƙarka. Ban gyara ko harafi ba, don na san in na fara gyara, shekara biyu ce kuma. Na sa sunanka da sana'arka da garinmu, na runtse ido na danna. Daga jiya zuwa yanzu na duba sau goma sha tara. Masu wasan ba su ce komai ba, mai yiwuwa ba za su taɓa gani ba. Babu wanda ya yi dariya. Mutum ɗaya ne ya amsa, ban san ƙasarsa ba. Ya ce maganar igiya ta burge shi, yana tambaya yaya mai haƙa ke zaɓen wanda zai riƙe masa igiya a sama, tunda ransa yana hannun mutumin.

Na san amsarka, don na sha jin kana ba masu tambaya ita a bakin rijiya, ni kuma ina sunkuyar da kai ina ɗauka ba'a kake yi mini. Kakan ce a nemi matsoraci, don shi ba ya ɗauke ido daga igiya. Tun safe nake juya wannan zuwa Ingilishi. Ƙamus ya ba ni kalma uku na matsoraci, ban san wadda ta dace da ni ba. Zan aika kafin azahar, ko wacce ce.

Na goge fitilar na rataye ta a saman ordinatar. Ranar da sabon wasan ya fito, ba wani ɗan gemu da zai sauka sai an gwada iska.

Allah ya jiƙanka, ya sa ka huta. Ka yafe mini kilishin.

Ƙaninka mai riƙe igiya,
Mutari