Ragowar Inna

Unguwar Madabo,
Cikin Birnin Kano.
Sha'aban 1422 (2001).

Zuwa ga yayana Abdulbaqi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da Larai da yara. Yaya aiki, yaya kuma ruwan Fatakwal da ba ya ɗaukewa? Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri, amin. Mu nan mun gode Allah. Maigidana Malam Garba yana fita kasuwa, Sumayya ta shiga izu na goma, Gwaggo kuma tana nan da ciwon gwiwarta da faɗanta, ba abin da ya ragu. Na so in yi maka waya, to wayar gidan Alhaji Isyaku da muke roƙo ta lalace, shi ya sa na ba direban da ke zuwa wajenku wannan takarda.

Yaya, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa maka. Inna tana kwance a asibiti. Kwanakin baya ta taka ƙusa a bakin rijiya, ka kuwa san mai ciwon suga ba ya son rauni. Na kai ta wajen likita, ya wanke, ya rubuta mata kafso na kashe ƙwayoyin cuta, ya ja mana kunne cewa ko ta ji sauƙi sai ta shanye shi duka. Na sayo, na nuna mata safe da rana da dare, na koma gidana hankali kwance. Ƙafar ta fara kamewa, har ta taka ta je suna Gwammaja. Ashe ana wata ga wata.

Ka san Inna da ragowa. Tun da muka taso ba mu taɓa ganin ta suɗe kwano ba. Ko loma uku aka ba ta sai ta bar ɗaya ta ce ta yara ce, kai ne ma ka fi kowa cin wannan gajiyar, kada ka musa. Wallahi ban taɓa kawowa a raina za ta yi wa magani haka ba. Tana jin sauƙi ta daina sha, ta ce abin kunya ne babba ya cinye abu tas alhali akwai mabuƙata. Dije maƙwabciyarmu ta shigo da ciwon haƙori, ta ƙirga mata. Wata ta zo da gudawa, ta ba ta. Su ma da suka zo dubiya ba su zo hannu rabbana ba, kowacce ta kunto nata kafson a haɓar zane ta ba ta, wai duk ja da baƙi ne. Ita kuma ba ta iya ɓare kati da yatsunta, sai ta sa aka ɓare mata duka ta zuba a gwangwanin alawar nan nata, kwalin kuwa ta hura wuta da shi.

Da ƙafar ta dawo da kumburi ba ta faɗa wa kowa ba, ta ci gaba da laluba gwangwani tana haɗiyar duk wanda hannunta ya kama. Ran Juma'ar da ta wuce na shiga na tarar leɓenta ya kumbura, borin jini ya feso mata ko'ina, numfashi da ƙyar. Ban san yadda muka isa asibiti ba. Da aka samu ta dawo daidai, likita ya tambaye ni wane magani ta sha, na ce ja da baƙi. Ya dube ni ya ce ja da baƙi ba suna ba ne, launi ne, kamfani goma suna iya zuba magani goma daban a cikin riga iri ɗaya. Na ji kunya, amma me zan ce? Mu a gidanmu haka muka san su, ja da baƙi, ja da rawaya, fari mai tsaga.

Na kawo gwangwanin aka juye a faranti. Ni da idona duk ɗaya na gani, sai da mai ba da magani na asibitin ya jera su a haske ya nuna mini ɗan rubutun da ke jikinsu. Iri uku ne. Akwai mai 500 da haruffa, ya ce shi ne wanda likita ya rubuta. Akwai mai 250, shi ma ya gane shi. Na ukun rubutunsa ya goge da man hannu, sai wani abu kamar K da rabin lamba, ya ce ba zai yi rantsuwa a kansa ba, mai yiwuwa ma jabu ne. Inna ta ce wannan shi ne wanda ka aiko mata bara lokacin tarinta, Dije kuma ta rantse nata ne daga wani mai talla a Ƙofar Ruwa. Likita ya ce sai ya san wanda jikinta ya ƙi, don kada ya sake ba ta danginsa ya kashe ta da hannunsa. Ya kuma ce shan da ta yi rabi da rabi ya sa ƙwayoyin cutar sun yi taurin kai, maganin farko ba lalle ya ƙara kama su ba. An ɗebi ruwan ciwon an kai awo, muna jira. Da na matsa masa, ya faɗa mini gaskiya: in ya kai ƙashi, za a yanke babban yatsan, in ya wuce nan kuma ƙafar ce.

Don Allah Yaya, in kana tuna sunan abin da ka aiko, ko kwalinsa yana nan, ka rubuto da haruffan da lambar daidai yadda suke. Ba laifinka nake gani ba, ita ta roƙe ka, amma kada ka ƙara aiko da magani ba takardar likita, ko ta yi kuka. Ni ma na kwashe na gidana na kai kemis an duba.

Abin da ya karya mini zuciya shi ne na shekaranjiya. Yanzu allura ake mata, da wata ƙwaya da likita ya zaɓa da taka-tsantsan kafin sakamako ya fito. Ina gyara mata shimfiɗa sai na ji ƙulli a bakin mayafinta. Na kunce, ƙwayoyin asibitin ne. Ashe nas na juya baya take tofowa a hannu. Na yi faɗa, na yi kuka, na haɗa ta da Allah, ita kuwa kallona kawai take kamar ni ce ba ni da hankali. Ta ce wannan na asibiti ne mai kyau, ba irin na kasuwa ba, kai kuma ƙirjinka ba ya son sanyin Kudu, ta ajiye maka ne kafin ka zo salla. Yanzu nas tana tsayawa har ta buɗe baki a gani, amma ni na san Inna, kuma ba zan iya tsare ta kowane lokaci ba. Ni 'yar ƙarama ce a idonta, maganata ba ta shiga.

Ka gaishe mini da Larai, da Nazeer da Nana Hauwa. Gwaggo da Malam Garba da Sumayya suna gaishe ka, duk muna roƙon ku sa ta a addu'a. In za ka iya zuwa, ka zo. In ba hali, ka rubuto mata 'yan layuka ita kaɗai, zan karanta mata. Kada ka yi mata dogon bayanin likita, ba za ta ji ba. Ka faɗa mata yadda kake faɗa muna yara in ta miƙo maka kwano. Ka ce mata ka ƙoshi, Yaya, ta shanye abinta.

Taka ƙanwa,
Zaituna.