Saura Kwana Tara Ka Cika Wata Shida

Zuwa ga Dariel, sanyin idona, yayyafin farko a busasshiyar zuciyata, hantsin da ke narkar da ƙanƙarar Boston,

Yau kwana ɗari da saba'in da ɗaya ke nan da tafiyarka ƙasarku, garin Baní, jinyar Kaka Fefa, wadda ta goya ka. Kowace safiya nakan ja layi a kalandar kicin, har Mama ta fara cewa, "Ke Yarelis, me kalandar nan ta tsare miki? Ki ƙyale ta ta huta."

Ka tuna ranar da muka zauna a laburare ina yi maka tambayoyin jarrabawar zama ɗan ƙasa? Na ce ka faɗi kogi mafi tsawo, ka ce gashina. Sai na tusa fuskata cikin littafin soyayyar da ke hannuna, ban sake ɗagowa ba har aka tashi. A littattafan nan teku ne ke raba masoya, ko yaƙi. Mu kuwa kwanaki ne a kan takarda.

Ka ce katinka na izinin zama bai ƙare ba, don haka babu damuwa. Masoyina, ba haka ba ne. Na tambayi matar da ke taya mutane cike takardu a cocinmu. Ta ce idan ka haura wata shida a waje, za su iya cewa zamanka ya katse. Shekara huɗun da ka haɗa cikin biyar ɗin da ake nema kafin zama ɗan ƙasa, duk sanyin da ka sha, sai a koma ƙirga daga farko. Saura kwana tara.

Na ɗauki biro don in ce ka taho. Amma wa zai ɗaga Kaka ya ba ta ruwa? Hannun wa za ta laluba? Zan faɗa maka abin da ban faɗa wa kowa ba: ranar Lahadi ina durƙushe a coci, na ji zuciyata tana fatan ciwonta ya zo ƙarshe kafin ranar, ko ta wace hanya. Wayyo, kunya! Na fito waje na yi kuka kamar busasshen ganyen da iska ta tsinko.

Don haka ka zauna, Dariel. Ka riƙe mata hannu har ta sake da kanta. In sun ce wata shekara biyar, sai a yi biyar ɗin. Shekarata goma sha takwas, ina da shekarun jira a gabana, kuma duk naka ne.

Taka yau, taka ranar da za ka ɗaga hannun rantsuwar zama ɗan ƙasa,
Yarelis