Farar Da'irar da Aka Zagaye Gidanmu da Ita

Zuwa ga:
Mai Girma Daraktan Sashen Ma'adinai,
Ma'aikatar Albarkatun Ƙasa.

Daga:
Babban ɗan maƙeri,
Gida na ƙarshe, bayan tsohuwar rijiya.

9 ga Mayu, 2039

Ranka ya daɗe,

GAME DA: Tsare mahaifina da kamfanin haƙar ma'adinan sararin samaniya ya yi

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina gabatar da kokena kamar haka:

1. Ranar 2 ga Maris, da hantsi, wani baƙin dutse ya faɗo daga sama cikin gonarmu. Mahaifina ya ƙwanƙwasa shi da guduma, ya ji amon ƙarfe. Shi maƙeri ne, bai iya ganin ƙarfe a yashe ya wuce ba. Ya ɓalli ɓangare, ya sa a wuta, ya ƙera fartanya. Iyakar laifinsa ke nan.

2. Ranar 20 ga Maris ma'aikatan kamfanin suka zo da takardar izini mai hatimin ofishinka. Suka ce dutsen nasu ne, su suka janyo shi daga sama don su gwada ko haƙar taurari za ta yiwu nan gaba. Suka ce mahaifina ya ɓata musu gwaji. Suka ɗauki dutsen, da fartanyar, da shi kansa, wai za a duba hannuwansa a dawo da shi kafin la'asar. Har yau muna jiran wannan la'asar.

3. Na je ofishinsu. Ban wuce ƙofa ba. Mai gadi ya miƙo mini hular mahaifina a cikin leda, an manna mata lamba.

4. Ranar 28 ga Afrilu suka dawo da farin fenti, suka zana da'ira. Ta haɗa gonar, da rijiyar, da gidanmu. Maƙerar mahaifina tana tsakiya cif. Sanarwarsu ta ce ranar 1 ga Yuni za su sauke dutse na biyu a nan, wanda ya fi babbar mota girma. Maƙwabta duk sun kwashe, har kajinsu.

5. Mahaifiyata ta ƙi tashi. Ta ce in mahaifina ya dawo ya tarar da kango, ina zai nufa? Kowace safiya sai ta hura wutar maƙerar don ya hango hayaƙi daga hanya. Ta daina ɗaga kai ta dubi sama. Ni kuwa na kasa dainawa.

Ranka ya daɗe, karatuna bai wuce sakandare ba. Ban san ko za a iya haƙar taurari ba. A aji an koya mana suna da nisa, mun yarda.

Don haka nake roƙon ofishinka, cikin ladabi, ya sa a dawo mana da mahaifina kafin ranar 1 ga Yuni, ko a gaya mana gaskiyar halin da yake ciki. Muryarsa kaɗai za ta fitar da mahaifiyata daga da'irar nan, ni kuma ba zan fita in bar ta ba. In ba a samu damar duba wannan takarda ba, ina roƙon a sanar da masu sauke dutsen cewa akwai mutum biyu a ƙarƙashinsa.

Allah ya ƙara girma.

Naka mai biyayya,
Babban ɗan maƙeri
(sa hannu)